Daga Bakin Allo: Wa Zai Riƙe Takardar Gini?

 Abin da ya jawo maganar wannan watan wata ziyara ce da aka kawo mana har gida, ranar wata Juma'a bayan la'asar. Wani dattijo ne maƙwabcinmu ya yi sallama, yana gaba ɗansa na biye, yaron da muka taɓa koya wa lissafi a aji. Yaron ya zauna jarrabawar Shahada ya fito da maki mai kyau, sai dai bai kai abin da ake nema a karatun likita ba. Bayan an gaisa an sha shayi, dattijon ya gyara zama ya ce, "Malam, zuwa na yi ka raba ni da ɗan nan naka. Wai gini zai je jami'a ya karanta. Ni shekara talatin na yi a kamina ina buga bulo ina ɗauka, ga bayana nan ko ruku'u ba ya yi sosai. Ashe na sayar da awakina na sa shi makaranta ne don ya dawo ya gaje ni?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ba irin wannan ginin ba ne," daga nan bai iya ƙara komai ba. Mu ma amsar da muka bayar a ranar ba ta gamsar da mu ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu yi ta a tsanake, tunda mun san ba a gidan nan kaɗai ake wannan muhawara ba.

Da farko dai dattijon nan yana da hujja. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na Jazira da na bakin Bahar Azrak, abin da ya sani game da gini shi ne kwaɓa laka, ɗora jalus, ɗaukar kwanon kankare a ka, da tsayuwa a bakin kasuwa da sassafe ana jiran mai mota ya zo ya ɗebi leburorin yini. Abin kuma yana da dogon tarihi. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a kudu da Sinnar wajen 1906. Ba a cika shekara ashirin ba babban aikin madatsar ruwa ta Makwar, wadda yau muke kira hazzan Sinnar, ya kankama kusan a ƙofar gidansu. Mutanenmu, har da alhazan da ke kan hanyar Makka suna neman guzuri, suka shiga cikin dubban leburorin da suka ɗauki dutse suka haƙa tur'o'i. Haka 'ya'yansu suka ci gaba da sayar da ƙarfi a gonakin auduga da wuraren ayyuka, aka yi faɗaɗar Manaƙil tsakanin 1958 da 1962, aka gama madatsar Rusairis a 1966. A duk tsawon wannan lokaci hannu namu ne, takarda kuwa tana hannun wani. To, takardar nan ita yaron yake nema, kuma ita muke so mu fayyace yau.

Bari mu ɗan tsaya a Sinnar ɗin, domin darasin yana can. An soma shirin aikin a 1914, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da shi. Da aka koma bayan yaƙi sai kuɗin da aka yi ƙiyasi suka kasa, abin da ake kashewa ya yi ta hauhawa, har sai da gwamnatin wancan zamani ta dakata, ta sake lissafi, ta fitar da aikin ga kamfanoni su yi takara. A 1922 wani kamfanin Ingila mai suna Pearson ya karɓa, ya kammala a 1925, aka yi bikin buɗewa a farkon 1926. Bango ne na dutse mai tsawon kilomita 3 da ɗan ɗoriya, kuma ga shi yau ya haura shekara 100 yana tsaye, Jazira tana shan ruwa daga gare shi.

Yanzu mai karatu ya tuna halin kogin nan namu. Yakan fara tasowa a Yuli, ya cika ya batse a ƙarshen Agusta, ba ya sauka sosai sai wajen Oktoba da Nuwamba. Ke nan wanda zai yi gini a tsakiyar cikinsa ba shi da wata 12 a shekara, yana da 'yan watannin da ke tsakanin ambaliya da ambaliya ne kawai. Idan Yuli ya zo bai ɗaga bangonsa ya wuce inda ruwa zai kai ba, kogi ya share masa wahalar shekara. Saboda haka dole wani ya zauna ya yi lissafi da baya da baya: daga ranar da ruwa zai iso, kwana nawa suka rage, dutse nawa za a ɗora kowace rana, jirgin ƙasa nawa zai kawo shi, mutum nawa ake bukata, me za su ci, ina za su kwana, wane tanadi aka yi wa zazzaɓin cizon sauro kada ya kwantar da rabinsu. Wannan lissafi shi ne ilmin da a jami'o'inmu ake kira idaratut tashyid, mu kuma a nan za mu kira shi ilmin tafiyar da aikin gini. Mai zane ya zana, muhandis ya lissafa kaurin ginshiƙi da yawan rodin da zai shiga ciki, amma sai an sami wanda zai mayar da zanen ya zama gini a tsaye, a ranar da aka yi alkawari, da kuɗin da aka yanka, ba tare da an ɗauki gawar kowa ba.

Kada kuma a ɗauka abin baƙo ne a wajen Bahaushe. A ƙasar kakanninmu akwai sarautar Sarkin Magina, shi ne yake karɓar aikin fada, ya raba wa magina, ya san lokacin da za a yanko azara da lokacin da za a kwaɓa ƙasa a bar ta ta tsima. Babban Gwani da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, kusan shekara 190 da suka wuce, ai ba shi kaɗai ya ɗora kowane tubali ba. Abin da ya sauya yau shi ne an sa abin a littafi, an ƙara masa lissafi da dokar kwangila, ana ba da shahada a kansa.

Don a fahimci irin abin da ake koyo, ga misali ƙarami da muke ba ɗalibanmu a allo. A ce za a zuba rufin kankare a kan aji mai tsawon mita 8, faɗin mita 6, kaurin santimita 15. In ka buga za ka sami kankare mita mai cikin kwali 7.2. A irin haɗin da aka saba, wato awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, kowace mita tana cin buhu 6 da ɗan wani abu, buhu mai kilo 50. Ke nan rufin zai ci wajen buhu 45. Wanda ya san wannan, idan wani ya ce masa a kawo buhu 70 zai tambaye shi ina sauran za su. Idan kuma aka ce 30 sun isa, zai hana yara zama a ƙarƙashin rufin. Haka ake bin gini gaba ɗaya, tun daga haƙan tushe har fenti, a rubuta kowane abu da yawansa da kuɗinsa a takarda ɗaya da ake kira jadawalin kammiyyat. Ita ce takardar da muke ta magana. A kanta ake takarar kwangila, a kanta ake biyan ɗan kwangila, kuma a kanta ake shari'a in an saɓa.

Mu da ke wannan rubutu da kuɗin jama'a muka sayi darasin, kuma ba mu jin kunyar faɗa. Wasu shekaru da suka wuce majalisar iyaye ta wata makaranta da muka koyar ta yanke shawarar ƙara aji ɗaya ta hanyar gayya, abin da maƙwabtanmu ke kira nafir. Aka ɗora mana riƙon littafi saboda mu ne malamin lissafi. Kuɗi suna shigowa muka ruga muka sayi siminti gaba ɗaya, don tsoron kada ya ƙara tsada, muka jibge shi a ƙasa a wani ɗaki mai yoyo. Magini kuma muka ba shi fiye da rabin kuɗinsa tun bai aza bulo ɗaya ba, saboda ɗan gari ne, ana jin nauyinsa. Ya sami wani aiki a wani gari ya tafi, ya ce mako biyu. Kafin ya dawo damina ta sauka, hanya ta yanke, motar yashi ba ta iya shigowa. Da aka buɗe ɗakin bayan kaka, buhunan da ke ƙasa sun zama duwatsu, na sama kuma sun yi gudaji. Aka sake bin iyaye gida gida, aka gama ajin da ƙyar. Tushen kuwa an haƙa shi ne iya gwiwa, kamar yadda aka saba. Damina biyu kacal bangon gabas ya tsage tun daga kusurwar taga har ƙasa, tsagar da yaro zai sa hannu a ciki.

Mun rantse ba wanda ya ci ko girshi ɗaya a aikin nan. Kowa da zuciya ɗaya ya yi. Abin da ya rasa shi ne mutum guda wanda zai ce a fara a Nuwamba, a sayi siminti kashi kashi a ɗora shi a kan katako, a biya magini gwargwadon abin da ya gina, a tanadi ganga da jaki saboda kankare yana son a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma ba a auna cikakken ƙarfinsa sai ya kwana 28. Hausawa suka ce tun ran gini ran zane, mu kuwa sai da gini ya tsage muka nemi zanen.

Maganar tushe tana bukatar a daɗe a kanta, domin ita ce ciwon ginin yankinmu. Baƙar lakar nan ta Jazira da ta sa auduga da dawa suke yi, ita ce abokiyar gabar magini. Da rani takan bushe ta tsattsage har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta sha ruwa ta kumbura. In ta kumbura sai ta ɗaga gini, in ta bushe ta sake shi, kuma ba daidai take ɗagawa ba: gefen da ruwan indararo ke zuba ko inda ake wanke wanke ya fi tashi. Gini mara nauyi, irin aji ko ɗakin shan magani, shi ya fi shan wahala, don ba shi da nauyin da zai danne ta. Masana, musamman a cibiyar binciken gine gine da hanyoyi ta Jami'ar Khartum, sun daɗe suna nazarin wannan ƙasa, kuma maganin sananne ne. Ko a haƙa ramuka masu zurfi a zuba ginshiƙai har su kai inda danshin ƙasa ba ya sauyawa, a ɗora bim a kansu a bar sarari tsakaninsa da laka, ko a kwashe lakar a cike da ƙasar da ba ta kumbura a daddaɓe ta, sannan a yi daɓe kewaye da ginin don a nisanta ruwa daga gindinsa. Duk wannan yana ƙara kuɗi a farko. Aikin mai tafiyar da gini ne ya zaunar da masu kuɗin ya nuna musu a takarda cewa abin da suke gudun kashewa yau za su kashe ninkinsa bayan damina uku. Yaron da ya tashi yana tsallake tsagar lakar nan a hanyar makaranta ya riga ɗan birni sanin halinta, saura ya koyi sunanta da lissafinta.

Sai ɓangaren kuɗi da yarjejeniya, wanda a ganinmu ya fi kowanne wuya a ƙasar nan. Ana koya wa ɗalibi yadda ake shiga takarar aiki, wato aɗa'i, da yadda ake ba da kuɗin somin taɓi a kan lamunin banki, da yadda ake riƙe wani kaso, galibi 5 zuwa 10 cikin 100, har sai gini ya yi kamar shekara ba a ga aibu ba. Ana koya masa sharuɗɗan kwangila na duniya da ake kira FIDIC, waɗanda manyan ayyuka suke tafiya a kansu. Ana kuma koya masa abin da za a rubuta game da tashin farashi. Wanda ya ga 2021, shekarar da hauhawar farashi a Sudan ta wuce 300 cikin 100, ya san cewa ɗan kwangilar da ya sa hannu a watan Janairu bai sa wannan sharaɗi ba, kafin Disamba ko ya gudu ya bar aiki, ko ya rage rodi. Gine ginen da muke gani a tsaye rabi da rabi, rodi ya yi tsatsa yana kallon sama, da yawansu nan suka mutu.

To ina ake karanta shi? A nan ƙasar, yawanci ba a shiga wannan fanni kai tsaye daga sakandare. Hanyar da aka fi bi ita ce yaro ya ɗauki ɓangaren kimiyya, ya dage da lissafi da fiziya, ya shiga handasa madaniyya ko imara, shekara 5. A cikin shekarun ƙarshe ake karantar da ƙiyasin kuɗi, tsara lokaci da dokar kwangila, wanda kuma yake so ya ƙware sai ya koma ya yi majistir a tafiyar da aikin gini, kamar yadda ake yi a Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha. Jami'ar Jazira da aka kafa a Madani a 1975 tana da kulliyar handasa, haka nan ana karanta handasa a jami'o'in Sinnar da na Damazin, ba sai yaro ya tafi nesa da gida ba. Yaƙi ya tarwatsa wasu kulliyoyin ya sa sun yi ƙaura na ɗan lokaci, don haka a bincika inda kowace take karatu kafin a cike takardar neman shiga. A Nijeriya kuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashe na musamman na ilmin gini da wani na ƙididdigar kayan gini, ana shigarsu tun daga shekarar farko. Mun ambata ne saboda masu dangi a can.

Wanda makinsa bai kai na shekara 5 ba kada ya ce ƙofa ta rufe. Akwai difloma ta shekara 3 a handasa madaniyya ko safiyo, kuma mu a ra'ayinmu an raina ta fiye da kima. Mai difloma shi ne yake wuni a wurin aiki, shi yake riƙe na'urar awo, shi yake ɗibar kankare a zuba a ƙananan akwatuna a kai gwaji, kuma yana iya ɗorawa daga baya ya kai digiri. Akwai kuma makarantun sana'a da cibiyoyin horo, inda ake fitowa magini ko kafinta ko mai ɗaurin rodi da shahada a hannu. Fomanin da ya iya karanta zane ya kuma iya rubuta rahoton yini, ba ya zaman banza. Ko ta wace ƙofa aka shiga, abu biyu ba makawa: kwamfuta da Turanci. Excel tukuna, sannan AutoCAD, sannan manhajar tsara lokaci irin Primavera. Turanci kuwa saboda da shi ake rubuta kwangilar ƙungiyoyin agaji da ta kamfanonin waje. Yaranmu sun riga sun tashi da harshe biyu, na uku ba zai gagare su ba.

Ayyukan da ke bayan karatun suna da yawa, ba kuma duka ne a rana ba. Akwai muhandisin wurin aiki, akwai mai ƙididdigar kaya da kuɗi, akwai mai tsara jadawalin lokaci, da mai sayo kaya da kula da sito, da mai kula da lafiyar ma'aikata, da wanda mai aiki yake ɗauka ya sa ido a kan ɗan kwangila. Ana samun su a kamfanoni, da ma'aikatun tsara birane na jihohi, da hukumar ban ruwa, inda yashe tur'o'in Jazira kaɗai aiki ne na kowace shekara. Da yawa kuma sun tafi Saudiyya da sauran ƙasashen Halij. Iyayen 'yan mata su lura da kyau: ƙididdiga da tsara lokaci aikin tebur ne da kwamfuta, kuma a ajinmu sau da yawa wadda take fara gama lissafin rufin nan mace ce. Daga ƙarshe akwai wanda zai yi shekaru yana koyo a ƙarƙashin wani, sannan ya yi rajista ya zama mukawil mai cin gashin kansa. Wannan shi muka fi ƙishirwa, domin shi ne zai ɗauki 'yan garinsu aiki ya biya su a kan lokaci.

Ba za mu ɓoye wa kowa wahalarsa ba. Aiki ne na bin aiki: yau Damazin, gobe Gadarif, iyali a gida. Shekarun farko albashi kaɗan ne, rana kuwa mai yawa. Wani lokaci a gama aiki kuɗi su maƙale wata da watanni, leburori kuma ƙofarka suka sani, ba ta mai kuɗin ba. Abin da ya fi duka nauyi shi ne amana. Ranar da za a zuba kankare, kai za ka duba rodi ka sa hannu, in an zuba kuwa ba mai sake ganin abin da ke ciki sai Allah. Za a zo maka da ambulan, za a zo maka da ɗan uwa, za a ce kai ne ka cika tsanani. Rushewar madatsar Buɗ a jihar Nilul Azrak a daminar 2020, da ta Arba'at kusa da Bur Sudan a Agustan 2024, sun nuna mana abin da ke faruwa da mutanen da ke kwance a ƙasa idan abin da aka gina ya kasa riƙe ruwa. Yaron da ka san ba ya iya cewa a'a, ka nema masa wani karatun.

Me ya sa muke matsa wannan magana yanzu? Kowa ya san abin da ya wuce a kanmu. Rikicin Yulin 2022 a Rusairis da Damazin, da na Oktoba a Wad al-Mahi, ya bar gidaje da rumfunan kasuwa a ƙone. A Agustan wannan shekarar ruwa ya ci ƙauyukan Manaƙil. Sannan yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, Madani ta fita daga hannun soja a Disamban 2023 ba ta dawo ba sai Janairun 2025, Sinja ma ta yi watanni a haka a 2024. Makarantu, asibitoci, tashoshin ruwa, gadoji da ƙofofin tur'a, duk suna jiran gyara. Gyara kuma ya fi sabon gini bukatar ilmi, domin sai an san ginshiƙin da wuta ta ci ya mutu da wanda za a iya ceto, kuma ba a taɓa kangon da aka yi faɗa a ciki sai masu kwance nakiya sun duba shi. Aikin nan zai ɗauki shekaru, za a kuma yi shi ko da mu ko ba mu. Mun ga misali a kusa: lokacin da aka ƙara wa madatsar Rusairis tsayin mita 10, aikin da aka gama a farkon 2013, ruwa ya ci ƙauyuka aka mayar da jama'a sababbin garuruwa masu lamba. Mutanenmu da yawa suna cikin waɗanda aka tayar. Wanda ya zauna a taron da aka tsara faɗin ɗaki da zurfin tushe da wurin rijiya, shi ya yanke yadda za su rayu. Samun ɗanka a irin wannan tebur ya fi ƙorafi ɗari bayan an gama.

Wata shawara ga iyaye, wadda ba ta cikin manhaja amma ta sha kayar da yaranmu a bakin ƙofa: takardu. Lambar ɗan ƙasa, wato raƙam waɗani, da takardar haihuwa, a nema wa yaro tun yana firamare. Mun san yadda wasunmu suke shan tambayoyi a wajen nan, musamman mazauna kambo, kuma mun san abin yana cin rai. To amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ba a shiga jami'a sai da su, ba a rajista da Majalisar Handasa sai da su, wanda kuma ba shi da rajistar nan ba ya sa hannu a kan zane, komai iliminsa. A kuma tabbata sunan da ke kan shahadar makaranta shi ne a kan sauran takardu, harafi da harafi. Yaran da yaƙi ya jinkirta wa jarrabawa, irin 'yan ajin 2023 da ba su zauna ba sai a ƙarshen Disamban 2024, kada su ce shekaru sun tafi. A wannan fanni wanda ya taɓa riƙe cebur kafin ya riƙe biro yana da riba.

Shi kuwa dattijo maƙwabcinmu, mun koma mun same shi a ƙofar gida. Ba mu ce masa ya yarda ba. Mun roƙe shi abu ɗaya: katangar gidansa ta yamma da ruwa ya kayar bara, ya bar yaron ya auna ta, ya rubuta bulo nawa za ta ci, yashi kura nawa, magini kwana nawa, da ranar da ya kamata a fara. Yaron ya kwana biyu yana yi, ya kawo. Dattijon ya sa aka karanta masa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Bulon ya yi daidai, amma ka manta da wanda zai fashe a kan kura. Ƙara biyar a kowane ɗari." Yaron ya ciro biro ya ƙara. Har muka taso suna gardama a kan ko za a haƙa tushen ya wuce ƙugu.